Windows na jika uku a intanet: me ya sa farashi ya bambanta, kuma mene ne haɗarinsa?

A shagunan buga takardu da na gyaran waya da ke Agoè-Zongo, unguwar da aka mayar da Hausawan Lome a 1977 bayan rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, kwamfutoci da dama 'yan gwanjo ne. Ta tashar jiragen ruwa ta Lome suke shigowa daga Turai, su bi ta hannun dillalan Dekon, kafin su isa teburin mai shago. Idan Windows ɗin da ke kansu ya lalace, ko ya fara nuna saƙon cewa ba a kunna shi ba, mai na'urar kan shiga intanet neman lambar kunnawa. A nan ne yake cin karo da abin mamaki: kamfanin Microsoft na sayar da Windows 11 Home a kan dalar Amurka 139, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashin wata a Togo, wato sefa 52,500, amma ga wasu shafuka na tallan lambar Windows 7 ko Windows 10 a kan yuro 5, kimanin sefa 3,280, jika uku da 'yan kai.

Abin da ake saya a zahiri

Wanda ya biya kuɗin Windows yana sayen izinin amfani da manhajar ne, wato lasisi. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 25 mabuɗi ce kawai da ke buɗe manhajar. Mabuɗi na iya buɗe ƙofa ko da wanda ke riƙe da shi ba shi ne mai ɗakin ba, don haka lambar da ta yi aiki yau ba hujja ba ce cewa lasisin halastacce ne.

Lasisin ya kasu kashi uku, kuma daga nan bambancin farashi ya samo asali. Na farko shi ne wanda ake sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Shi ya fi tsada, amma mai shi na iya cire shi daga tsohuwar kwamfuta ya mayar kan sabuwa. Na biyu, wanda ake kira OEM, shi ne wanda kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo ke saya da yawa a farashi mai sauƙi su ɗora wa na'urorinsu tun daga masana'anta. Wannan a ɗaure yake da na'urar da aka fara sa shi, kuma idan ta mutu, ya mutu tare da ita. Na uku shi ne lasisin sari da ake bai wa manyan kamfanoni, ma'aikatu da makarantu, inda lamba ɗaya ke kunna kwamfutoci masu yawa na wannan ma'aikata kaɗai.

Lambobi masu arha da ke yawo a intanet galibi daga kashi na biyu da na uku suke fitowa. Wasu an kwafo su daga jikin matattun kwamfutoci, wasu an fitar da su daga ma'aikatu ana sayar wa mutane da dama lamba guda, wasu kuma an saye su da katin bankin sata. Mai sayarwa bai kashe kusan komai ba, shi ya sa ko jika uku riba ce a wurinsa.

Microsoft ya daina sayar da tsofaffin

Windows 7 ya fito a watan Oktoban 2009, kuma Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Janairun 2020. Windows 8.1 ya bi sahu ranar 10 ga Janairun 2023. Shi kuwa Windows 10, wanda ya fito a 2015, kamfanin ya daina sayar da shi a shafinsa a ƙarshen Janairun 2023, sannan wa'adin kula da shi ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana, duk wanda ke tallan waɗannan a yau, ko dai ragowar tsohon kaya ne a hannunsa, ko na hannu, ko kuma na bogi.

Akwai wata dabara da masu gyara suka daɗe suna yi: a sayi lambar Windows 7 mai arha a kunna Windows 10 da ita. Microsoft ya toshe wannan hanya a watan Satumban 2023. Wanda ya sayi irin wannan lamba yanzu da wannan niyya ya yi asarar kuɗinsa.

Wasu shafukan Turai na kafa hujja da hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke ranar 3 ga Yulin 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halasta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Hukuncin gaskiya ne, amma yana da sharaɗi: dole mai lasisin na farko ya daina amfani da nasa kwafin. Kuma hukunci ne na ƙasashen Tarayyar Turai. Togo, kamar Nijar, Benin da Kamaru, tana ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta ƙungiyar OAPI, wadda ke bai wa manhajojin kwamfuta kariyar haƙƙin mallaka.

Inda asarar take

Haɗari na farko shi ne lambar ta mutu. Idan Microsoft ya gano an yi amfani da lamba fiye da ƙima, yana iya toshe ta. Akwai kuma tsarin kunnawa na ma'aikatu da ake kira KMS, wanda ke buƙatar sabuntawa cikin kowane kwana 180. Kwamfutar da aka kunna ta wannan hanya na iya aiki lafiya wata shida, sannan saƙon ya dawo. A lokacin mai sayarwa ya ɓace, kuma kuɗin da aka tura ta Flooz ko Mixx by Yas zuwa lambar da ba a san mai ita ba da wuya su dawo.

Na biyu ya fi muni. Wasu dillalan kan aiko da mahaɗin sauke Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima, ko ƙaramar manhajar kunnawa da ke neman a kashe garkuwar na'ura kafin ta yi aiki. Ta nan ɓarayin bayanai ke shiga. Kwamfutar shagon buga takardu tana ɗauke da hotunan fasfo, katin shaida da takardun makaranta na mutanen unguwa. Ta ɗan kasuwar da ke aika kaya Cinkassé ko Yamai tana ɗauke da lissafin bashi da kalmomin sirri na banki.

Na uku ya shafi har wanda lasisinsa halastacce ne. Windows ɗin da aka daina kula da shi ba ya samun facin tsaro, don haka duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe take zama. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ciki har da asibitocin Ingila, kuma na'urorin Windows 7 da ba a sabunta ba ne suka fi shan wahala. Manhajar Chrome ma ta daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kafin a biya kuɗi

Sau da yawa ba a ma buƙatar sayen komai. Kwamfutocin da suka fito daga masana'anta da Windows 8 ko wanda ya biyo bayansa suna ɗauke da lambarsu a cikin na'urar, kuma idan aka sake ɗora irin Windows ɗin da suka zo da shi, yakan kunna kansa. Wadda aka taɓa kunna wa Windows 10 ma takan gane lasisinta da zarar ta hau intanet, muddin ba a canza babban allon cikinta ba. A sauko da manhajar daga shafin Microsoft kai tsaye.

Mai sayen kwamfutar gwanjo a Dekon na iya sa mai shago ya rubuta umarnin slmgr /dli a gabansa. Zai nuna ko lasisin na ɗaiɗaiku ne, ko OEM, ko na sari. Idan ya nuna na sari a kan na'urar gida, akwai alamar tambaya. A nemi rasiɗi mai sunan shago da nau'in lasisin.

Masu Windows 10 da na'urarsu ta cika sharuɗɗan Windows 11, wato tana da guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta, za su iya hawa kyauta. Ga sauran, Microsoft ya sanar da shirin ƙarin facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Tsohuwar na'urar da ba ta kai nan ba tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu tare da LibreOffice, waɗanda ba a biyan ko sisi, kuma sun isa buga wasiƙa, lissafi da shiga intanet.

Wanda aka damfara ko aka yi wa kutse a Togo na iya kai rahoto ga cibiyar CERT.tg, da ke aiki tare da hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ANCy. Ya adana saƙonnin ciniki da lambar da ya tura wa kuɗi, domin su ne shaidarsa.