Ko Ka Sani? Injin Girbi ne Ya Yaɗa Gajeren Tumatir

Tumatir ya kasu gida biyu ta fuskar yadda yake girma, kuma bambancin yana kan tsinin karansa. Akwai mai tsawo, wanda yakan fitar da ganye uku sannan ya yi huda, ya sake fitar da ganye uku ya sake yin huda, haka zai yi ta miƙewa yana 'ya'ya har sai sanyi ko cuta ko ƙishirwa ta kashe shi. Akwai kuma gajere, wanda yawan ganyen da ke tsakanin huda da huda yake raguwa har tsinin ya ƙare da fure, daga nan tsawo ya tsaya, shukar ta bazu gefe da gefe ta zama kamar ƙaramin kurmi. Sauyi ne a ƙwayar gado guda ɗaya tak yake haifar da wannan hali, an kuma fara lura da shi a wata gona a jihar Fulorida ta Amurka a shekarar 1914, sai dai abin da ya yaɗa shi a duniya shi ne injin girbi.

A Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, masanin inganta iri Jack Hanna ya fara tun cikin shekarun 1940 neman tumatirin da inji zai iya girbewa, daga 1949 kuma injiniya Coby Lorenzen ya shiga aikin ƙera injin, wanda daga baya kamfanin Blackwelder ya riƙa ƙerawa don sayarwa. Yadda injin yake aiki shi ya tsara irin da ake buƙata. Wuƙa ce a gabansa take yanke karan a ɗan ƙarƙashin ƙasa, sai bel ya ɗauki shukar ɗungurungum ya kai ta wurin da ake girgiza ta da ƙarfi har 'ya'yan su zube, a watsar da kara da ganye ta baya, ma'aikatan da ke tsaye a gefe suna tsince ɗanye da ruɓaɓɓe da hoge, sauran kuma ya zarce cikin tirelar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da injin. Tun da wucewa ɗaya ce kuma shukar ba ta rayuwa bayanta, dole ne 'ya'yan su nuna kusan lokaci guda, su yi tauri yadda faɗuwa ba za ta fasa su ba, su kuma saki reshe da zarar an girgiza. Irin da Hanna ya fitar a farkon shekarun 1960, mai suna VF-145, ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Manoma ba su yi rububin injin ba sai da gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen shirin Bracero a 1964, wato yarjejeniyar da ke shigo da 'yan ƙwadago daga Meziko. Zuwa 1968 kimanin kashi 95 cikin ɗari na tumatirin gwangwani a Kalifoniya inji ne yake girbe shi, amma da yake injin yana da tsada kuma ba ya biyan kuɗinsa sai a babbar gona, yawan masu noman ya faɗo daga wajen 4,000 zuwa wajen 600 cikin shekara goma, lamarin da ya kai ga shigar da jami'ar ƙara a 1979. Zuriyar wannan aiki ta iso har fadamun Arewa, domin UC82B da ake nomawa da rani a wurare irin su Kadawa daga Davis ya fito, kuma taurin da aka tanada saboda girgizar inji shi ne yake taimaka masa jure tafiyar kwando a bayan mota zuwa Legas.

Wannan tarihi shi ke bayyana abin da yake ba masu shuka a tukunya ko bokiti mamaki, wato yadda shukar gajeren tumatir da aka ce ba ta buƙatar sanda take karyewa ana gab da cin moriyarta. A gona an yi ta ne domin ta kwanta a kan faffaɗar kunya, ƙasa ta ɗauke mata nauyi, alhali a tukunya babu komai a ƙarƙashin rassanta sai iska da bakin mazubin, wanda yake zama kamar wuƙa ga reshen da ya lanƙwaso a kansa. Ga shi kuma 'ya'yan suna ƙosawa tare, ta yadda nauyin da dogon tumatir yake rarrabawa cikin watanni shi gajere yake ɗauka cikin 'yan makonni.

Saboda haka tokarar da ta dace da shi ba irin ta dogon ba ce. Sanda ɗaya da aka kafa a tsakiya tana riƙe uwar kara kawai, alhali nauyin yana kan rassan gefe, sannan ƙasar bokitin fenti mai lita 20 ba ta da zurfin da za ta riƙe sanda idan iska ta taso, sau da yawa ma sandar ce take jan bokitin ya kife. Abin da ya fi shi ne sanduna uku ko huɗu na gora, masu tsawon kimanin mita ɗaya, a soka su a gefen mazubin har su taɓa gindinsa, a kewaye su da igiya hawa biyu ko uku domin rassa su jingina, reshen da ya fi lodi kuma a tokare shi da 'yar gwafa. Ana yin wannan ne ranar dashe, domin sandar da aka soka bayan shuka ta kama tana tsinka saiwa. Wajen ɗauri, tsumma ya fi waya, a sassauta shi a kuma gitta shi tsakanin sanda da kara don kada su gogi juna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fige tohon da ke fitowa a hammatar ganye, al'adar da ke da amfani ga dogon tumatir. Gajere ya riga ya ƙayyade wa kansa iyaka, don haka kowane toho da aka cire huda ce aka zubar wadda ba za ta dawo ba, ganyen kuma shi ne inuwar da ke hana rana ƙona fatar 'ya'yan. Ganyen da ya kamata a cire shi ne na can ƙasa wanda yake taɓa ƙasar tukunyar, domin ta nan ne ruwan ban-ruwa yake fantsamo cututtukan ganye.