Starlet ko Yaris: wace ce za ta jure hanyoyin Adar?

A makon jiya wani ɗan'uwa da ke bida a Abijan ya turo muna saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce shekara huɗu yana tara kuɗi, yana so ya saya wa ƙanensa da ke Tamaske ƴar ƙaramar mota ta hannu, don kai tsohuwarsu likita da ɗan jigila ran kasuwa. An nuna mashi biyu a Yamai, Toyota Starlet da Toyota Yaris, duka masu shan fetur, kuɗinsu kusan ɗaya. Wace zai ɗauka? Da yake ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, ga amsar a rubuce.

Starlet ɗin da muke magana ita ce irin wadda ta daɗe tana tasi a Yamai. An daina ƙera ta tun 1999, kenan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. (Akwai sabuwar Starlet da ta fito a 2020, wannan daban take, suna kawai suka haɗa.) Yaris ita ce ta gaje ta a 1999 ɗin, samfurin farko ya ci gaba da fitowa har 2005. Ta fi faɗi daga ciki, mai dogon wuya da rawani zai zauna bai duƙa ba.

Wajen shan mai babu wani babban bambanci: in injin na da lafiya, lita 6 zuwa 7 a kilomita 100 bisa kwalta. Tun da aka sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, bambancin lita guda bai kai jikka ɗaya ba. To ba nan gizo ke saƙa ba.

Inda maganar take shi ne gyara. Injin Starlet mai 1.3 tsohon yayi ne, wayoyinsa kaɗan, duk makaniken da ya yi zaman gareji a Tawa ko Ƙonni ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kuma kayan gyaranta na hannu sun wadata saboda ƴan tasi. Sai dai bel na roba ke juya mata inji daga ciki, ranar da ya tsinke kuwa, nan inda kake nan za ka kwana. Duk wanda ya saye ta, ya canza bel ɗin tun kafin ya baro Yamai, kada ya yarda da “sabo ne, Alhaji”. Ita Yaris sarƙa gare ta, ba a yawan canza ta, amma injinta ba ya son wasa da baƙin mai. In kana jinkirta juye, ko kana zuba na kwalba da ba ka san asalinsa ba, sarƙar za ta fara ƙara da safe, gyaranta kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga allon gabanta na lantarki ne, a tsakiya yake; ranar da wata fitila ta kama a ciki, sai an nemi mai na'urar bincike, wanda ba a kowane gari ake samu ba.

Ni dai a ganina, wanda motarsa za ta kwana a Tamaske, Garhanga ko Ibohaman, Starlet mai ƙofa biyar ta fi mashi kwanciyar rai. Malamin makaranta ko ma'aikacin da yawancin tafiyarsa Tawa zuwa Madawa ce bisa kwalta, ya ɗauki Yaris, amma mai inji 1.3 in da hali, don mai 1.0 in ta cika mutum biyar tana nishi a hawa. Duka biyun a nemi mai giyar hannu.

Amma fa a ji ni da kyau: lafiyayyar Yaris ta fi Starlet ɗin da ta gaji da tasi an sake mata fenti. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, hanyar Kwatano da motocin Turai suka saba biyowa ta toshe, shi ya sa tsoffin gida ke ta zagayowa kasuwa da sabon kwalliya. Kada ka sayi mota daga hoto. Ka tura makaniken da kai ka biya, ba na dillali ba. Ya tada ta da sanyin safiya ya duba hayaƙi, ya buɗe lagireto ya ga ko mai ya gauraya da ruwa, ya kwanta ƙarƙashinta ya nemi tsatsa da walda. Lambar kilomita kuwa, ana maida ta baya, sai dai ka dubi yadda sitiyari da robar birki suka cinye.

Sai takardu. Takardar duwan da kart giriz, lambar da ke jikinsu ta zama ita ce a jikin ƙarfen motar, harafi da harafi. Mun san wanda ya sayi mota da araha, ta ƙare a ajiye a bakin shinge saboda wannan.

Ƙanen da za a miƙa wa makulli, kai ma ga naka. Motocin nan cikinsu kusa da ƙasa yake, ga duwatsun Adar ba su da tausayi. A sa a ƙera mata faranti na ƙarfe ƙarƙashin inji, a riƙa yawo da tayar sauyi mai iska. Buhun albasa ya kan wuce kilo 100, biyu da direba da fasinja sun ishe ta. Da damina in ƙorama ta kawo, a tsaya ta wuce, injin da ya shaƙi ruwa sai dai a sauke shi.

Shi kuma mai saƙo daga Abijan, kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Ka ware na taya huɗu, da batir, da asirans, da juyen farko, ka riƙe a hannunka sai motar ta iso Keita.