Ƙofar Gida Wadda Ido Ba Ya Gani

Ran nan da dare muna zagawa ta bayan gidajen malamai a wata makarantar horon malamai, sai muka tarar da samari wajen bakwai zaune a gindin katangar wani malami, kowa ya sunkuyar da kai bisa wayarsa. Muka tambaye su abin da su ke yi, suka ce iska su ke sha. Kashegari muka gane irin iskar. Ashe akwatin nan na waifai da ke cikin ɗakin malamin, wanda a ke kira rauta, shi ke raba musu intanet ta bayan katanga, maigidan kuwa yana ta kukan datar da ya saya ta wata guda ba ta kai masa kwana goma. Kalmar sirrin da ya sa wa akwatin lambar wayarsa ce, lambar kuwa tana rubuce a allon sanarwa na makaranta.

To, hasarar data ita ce mafi sauƙi cikin al'amarin. Malamin nan a kwamfutarsa ya ke shirya tambayoyin jarrabawa, da wayarsa ya ke duba albashinsa a banki, dukansu kuwa ta akwatin nan su ke fita duniya. Bayan wannan, duk ɓarnar da wani ya aikata ta kan layinsa, in an bi sawu, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Don haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayani, domin mun tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne akwatin nan ƙofa biyu gare shi, kowace da mabuɗinta. Ta fari ita ce kalmar da a ke ba waya don ta kama waifai, ita kowa ya sani. Ta biyu ita ce ta shiga wurin sarrafa akwatin kansa, inda a ke sake suna, a sake kalmar sirri, a ga waɗanda ke kan layi. Ana kai wa gare ta in an rubuta adireshin akwatin a wurin buɗe shafukan intanet, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, waɗansu ƙananan na aljihu kuwa 192.168.8.1. A kan akwatuna da yawa, musamman tsofaffi, sunan shiga da kalmar sirri na wannan ƙofa duka “admin” ne, haka suka fito daga masana'anta, haka kuwa su ke zama har akwatin ya mutu. Watau maigida ya sa wa ƙofar zaure kwaɗo, amma ya rataye makullan gidan duka a ƙusa cikin zauren.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin sakaci ne. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo cikin intanet tana gwada sunaye da kalmomin masana'anta wajen sittin kacal a kan rautoci da kyamarorin tsaro. Da 'yan kalmomin nan ta kame na'urori dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka haɗa ƙarfinsu aka auka wa wani kamfani na Amurka mai suna Dyn, har Twitter da Netflix da waɗansu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga mutane masu yawa. Samari uku ne suka rubuta manhajar, sun amsa laifinsu a kotu cikin Disamba 2017. Gwamnatin Ingila kuwa, tun ran 29 ga Afrilu 2024, ta hana a sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta masana'anta mai sauƙin cinka. Amma fa doka ba ta shiga ɗakin mutum ta gyara masa akwatin da ya riga ya saya. Saboda haka aikin fari, tun kafin kome, a shiga a sake kalmar ƙofa ta biyu, kuma kada ta zama ɗaya da ta waifai.

In an shiga, sai a duba irin kwaɗon da ke kan waifai ɗin. Za a ga WEP, ko WPA, ko WPA2, ko WPA3. WEP ya fito a 1997, masana suka nuna yadda a ke karya shi tun 2001, yau ɓalle shi aikin 'yan mintoci ne. WPA2 na 2004 ne, WPA3 na 2018. A zaɓi WPA3 in akwatin da wayoyin gida sun yarda da shi, in ba haka ba WPA2. Akwatin da bai san kome ba sai WEP ya gama aikinsa, a sallame shi.

Akwai kuma wani abu mai suna WPS, wanda aka ƙago don sauƙaƙa haɗa waya da akwati ta lamba mai alƙalami takwas. Ga malaman lissafi abin sha'awa. Alƙalami takwas ya kamata ya ba da hanya miliyan 100. Amma cikin Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna akwatin yana duba huɗun farko dabam, ya faɗi ko an dace, sa'an nan ya duba sauran, na ƙarshe kuwa daga bakwai ɗin a ke fitar da shi. Ke nan 10,000 a tara da 1,000, gwaji 11,000 ya isa. Mu dai shawararmu a kashe WPS ɗungum.

Yanzu sai zancen kalmar kanta, nan ne kuwa muka fi ganin kuskure. Hukumar tsaron intanet ta Ingila ta ba da labari a 2019 cewa cikin kalmomin sirri da aka sace aka baza, 123456 ta bayyana fiye da sau miliyan 23. Namu mutanen kuwa sunan ɗa, ko na uwargida, ko shekarar haihuwa, ko lambar mota, abubuwan da duk maƙwabci ya sani.

Shekara da shekaru ana koya wa ma'aikata su gauraya babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, su kuma sake kalmar bayan kowane wata uku. Wani ma'aikacin hukumar ma'aunai ta Amurka, Bill Burr, yana cikin waɗanda suka rubuta wannan shawara a 2003. A 2017 shi da bakinsa ya ce ya yi nadamar yawancinta, a shekarar nan kuma hukumar ta sake ƙa'idodinta. Dalili kuwa duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san shi: in ka matsa wa mutum da abin da ba zai iya haddacewa ba, zai nemi hanyar zamewa. Sai ya sa sunansa da babban baƙi a gaba, ya liƙa 1 a baya, wata uku ya mai da ita 2. Masu fasa kalmomi kuwa sun san wannan dabara sarai.

Tsawo shi ne ƙarfi. Ƙananan baƙaƙe takwas na Turanci, in an zaɓe su barkatai, suna ba da hanya wajen biliyan 209. Amma in mutum ya ɗauki kalmomi huɗu barkatai daga cikin kalmomi 2,000 na Hausa, hanyoyin sun kai tiriliyan 16, fiye da ninki saba'in ke nan, ga shi kuma sun fi sauƙin tunawa. In ya ƙara ta biyar, sai a sake ninkawa sau 2,000. Misali: tulu, jirgi, kanwa, gafiya, alli. Kada dai wani ya ɗauki waɗannan, tun da mun buga su a jarida. Sharaɗin shi ne kada kalmomin su zama suna da dangantaka. Karin magana ba ta yi, baitin waƙa bai yi ba, aya ma ba ta yi, domin duk abin da jama'a suka haddace ana iya tara shi a gwada. Hanya mai kyau ita ce a buɗe ƙamus a wurare dabam dabam ido rufe, a ɗauki abin da yatsa ya faɗa a kai. A kauce wa baƙaƙe masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, don ba kowace na'ura ke karɓarsu a nan ba. Akwatin yana karɓar baƙi 8 har zuwa 63, wuri ba ya ƙaranci.

Rubuta kalmar a takarda ba laifi ba ne, in an ajiye ta inda a ke ajiye takardar shaidar makaranta. Laifin shi ne liƙa ta a bango, ko amfani da ita kuma a banki da imel.

Saura zancen baƙo, wanda mun san shi ya fi nauyi. Ba a iya ce wa suruki ko abokin aiki a'a in ya nemi waifai. Yawancin akwatunan yanzu suna da hanyar baƙi, mai suna dabam da kalma dabam, wadda ke ba baƙo intanet ba tare da ta kai shi ga kwamfutar maigida ba. A buɗe ta, a riƙa sake kalmarta in an yi taron suna ko biki. Sa'an nan lokaci lokaci a duba ko masana'anta sun aiko da gyaran manhajar akwatin, a sa shi, a kuma duba jerin na'urorin da ke kan layi. Malamin da muka ba da labarinsa, ran da muka duba tare da shi, na'ura goma sha huɗu muka ƙirga. Huɗu ne kaɗai na gidansa.