Idan Gyambon Ciki Ya Fara Zubar Da Jini

A Tukur-Tukur, kamar sauran unguwannin Zariya, mai olsa yakan lallaɓa da kanwa ko madara, ko ya leƙa kemis. Amma da zarar an ga aman jini, ko bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, to magana ta wuce kemis. Gyambon ya huda jijiyar jini, sai asibiti.

Can likita yakan fara da ƙarin ruwa ko jini, sannan allurar omeprazole ko pantoprazole ta jijiya. Aikinsu rage tsamin ciki ne, domin tsamin shi ke narkar da gudan jinin da ya toshe ciwon. Akan so a leƙa cikin da na'ura mai kyamara kafin awa 24 ta cika, a tsayar da jinin.

Daga baya a nemo tushen. Sau da yawa ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, wadda ake kashewa da haɗin magunguna na kwana 14. Ko kuwa diclofenac, ibuprofen da asfirin ne, waɗanda muke haɗiya kamar gyaɗa saboda ciwon jiki.

Wanda ya ga waɗannan alamu ya nufi asibitin koyarwa na Shika, kada ya jira gari ya waye.