Tsohuwar bindigar Mauser: tsufa bai rage mata dafi ba

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, to amma ba kowane abu ne tsufa ke ƙara wa albarka ba. A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin hannu. Sukan saye su da tsada a wurin gwanjo, wasu su ajiye cikin gilashi, wasu kuma su kai su filin koyon harbi su gwada. Darasin da waɗannan mutane suka koya ya kamata ya iso kunnen duk wanda ya buɗe akwatin kakansa tsohon soja, ya tarar da irin wannan ƙarfe naɗe cikin tsumma.

Asalinta

Cikin waɗannan bindigogi, kaɗan ne suka kai Mauser C96 suna. Wasu ƴan'uwa uku ƴan gidan Feederle ne suka tsara ta a masana'antar Mauser da ke garin Oberndorf na ƙasar Jamus. An fara ƙera ta a 1896, aka daina a 1937, bayan an fitar da kimanin miliyan ɗaya. Tana ɗaukar harsashi 10, gidan harsashin kuma yana gaban kunama ne, ba cikin ƙota ba. Kubenta na katako ne, ana iya ɗaura shi a bayanta a dafa a kafaɗa kamar doguwar bindiga. Ƙotarta kuwa zagayayya ce, shi ya sa Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da marikin tsintsiya.

Tun tana sabuwa ta shigo Afirka. A yaƙin Omdurman na ƙasar Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, lokacin da sojan Ingila suka gwabza da mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, irinta ce a hannun Winston Churchill, yana ƙaramin hafsa. Ciwon kafaɗa ne ya sa ya zaɓe ta a madadin takobi. Daga baya ta bazu a ƙasar Sin, inda aka riƙa ƙera kwaikwayonta, haka ma a Sifen.

Yadda take aiki

Mai karatu ya san bindigar mafarautanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a sake ɗurawa. Ita wannan da kanta take ɗura wa kanta. In aka ja kunama harsashi ya fita, ƙarfin fitar tasa ne zai tura sakatar cikinta baya, ta yi waje da kwanson, sannan sifirin ya maido da ita gaba ta saka wani sabo. Ja ɗaya, harbi ɗaya, har su ƙare. Harsashinta, mai lamba 7.63, yana gudun fiye da mita 400 a daƙiƙa guda.

To a nan haɗarin yake. Wani ɗan guntun ƙarfe ne kaɗai ke tare sakatar kada ta fice ta baya, wato daidai inda fuskar mai harbi take. In sifirin ya yi sanyi saboda shekaru, sakatar za ta riƙa dukan wannan guntu da ƙarfin da ya wuce ƙima har ya tsage. Ranar da ya karye kuwa, idon mai bindigar ne a gaba. Saboda haka masu tara bindigogi ba sa harba C96 sai ƙwararren mai gyaran bindiga, wanda hukuma ta ba izini, ya warware ta ya duba tsaga da tsatsa, ya sake mata sifirin.

Shiga daban, dacewa daban

Babban tarkon da sababbin hannu ke faɗawa shi ne na harsashi. Harsashin bindigar Tokarev ta Tarayyar Sobiyet, mai lamba 7.62, daga na Mauser aka kwaikwayo shi, girmansu kusan ɗaya, yana kuma shiga cikinta sumul. Amma yawancinsa ya fi na asalin ƙarfi, tsohon ƙarfe ba zai jure ba. Su kansu Jamusawa sun san sharrin rikita harsashi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da sojansu suka nemi a ƙera musu 150,000 masu cin harsashi mai lamba 9, sai aka riƙa zana babban 9 da jan fenti a ƙota don kada soja ya yi kuskure.

Tsohon harsashi ma abin gudu ne. Wani yakan yi jinkirin tashi, shi ya sa in an ja kunama ba a ji ƙara ba, ake ci gaba da nuna bakin bindigar wajen abin bara na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a taɓa komai. Wani kuma yakan tashi da rauni ya maƙale a bututu. In ƙarar ta yi ƙasa ba kamar yadda aka saba ba, a dakata, domin harbi na biyu a kan na farko na iya fasa bututun a hannu. Hatta makullin kariya ba abin dogaro ba ne, tunda a wasu samfuran sama ake tura shi, a wasu ƙasa.

Ƙa'idoji huɗu

Masu koyar da harbi sun haɗu a kan ƙa'idoji huɗu da wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar halakawa ba. Yatsa ya nisanci kunama sai an daidaita bara. A kuma san abin da ake bara da abin da ke bayansa. Ƙari a kan haka, ba a harbi sai a filin da aka keɓe, da tabarau mai kauri da abin toshe kunne. A gida kuma bindiga na kulle a wuri ɗaya, harsashi a wani, makulli nesa da yara.

Me doka ta ce?

Kada wani ya ɗauka tsufa na wanke bindiga a gaban alƙali. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ba ta kiran bindiga kayan tarihi sai wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan, ke nan yawancin C96 ba su shiga ba. A Ingila, ƙa'idar 2021 ta ce sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, kuma irin wadda aka daina amfani da harsashinta, a ajiye ta don kallo kawai. Da zarar mutum ya yi niyyar harba ta, wannan rangwame ya faɗi.

A yankinmu, yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai ta shimfiɗa cewa farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izini. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, amma tun 1994 ta kafa hukumarta ta CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki, wanda ya sa a kama mutum da bindiga babu takarda ba ƙaramar magana ba ce, ko da kuwa gado ya ci.

Don haka, jama'a, wanda ya tarar da irinta cikin kayan mamaci, kada ya ja kunama don gwaji, kada ya leƙa bakinta, kada ya kai wa maƙerin unguwa. Ya bar ta inda take, ya kulle ɗakin, ya hana yara shiga, sannan ya sanar da jandarmomi ko ƴan sanda su zo da kansu. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Allah ya kiyaye mu.