A sayar ko a riƙe? Gardamar da ke tashi idan tauraron ƙungiya ya tsufa

Duk lokacin da ƙungiya ta jera wasanni tana shan kashi, mutum biyu ne bakin magoya baya ke fara sauka a kansu: koci, sai ɗan wasan da ya fi kowa daɗewa a cikinta. Wanda aka ɗauka a kafaɗa shekarun baya, shi ne yau ake cewa ƙafarsa ta yi nauyi, a sallame shi a kawo matasa.

Wannan gardama sananniya ce a gidajen kallon ƙwallo da teburan mai shayi na Sabon Birni da Isa, kamar yadda take a Kano ko Maraɗi. Ƙwallon kwando bai samu gindin zama a ƙasar Gobir ba kamar ƙwallon ƙafa da kokawa, amma a cikinsa ne aka fi ganin yadda cinikin tsohon tauraro ke ƙarewa, domin a gasar NBA ta Amurka abin yana da tsari da lissafi. Ɗaya daga cikin fitattun waɗanda hakan ta faru da su kuwa ɗan Najeriya ne.

Yadda Houston ta rabu da Olajuwon

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963. Houston Rockets ta ɗauke shi a 1984, ya yi mata kaka 17, ya kuma kawo mata kofin NBA sau biyu a jere, a 1994 da 1995. Har yau ba ta sake ɗaukar kofin ba. A 1994 shi ne gwarzon gasar, shi ne gwarzon masu tsaron gida, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe. Musulmi da dama suna tunawa da shi saboda yadda yake buga wasa da azumi a bakinsa a watan Ramadan.

Zuwa 2000 abubuwa sun sauya. Rauni ya fara yi masa yawa, ƙungiyar ta gama kakar da nasara 34 kacal a wasa 82, kuma a kakar da ta biyo baya ma ba ta samu shiga zagayen neman kofi ba. Da ƙwantiraginsa ya ƙare, tayin da Houston ta yi masa bai gamsar da shi ba. A watan Agustan 2001, yana da shekara 38, aka miƙa shi ga Toronto Raptors ta Kanada.

Kaka ɗaya ya yi a can. Mutumin da ya saba cin maki sama da 20 a kowane wasa ya koma cin bakwai, ciwon baya kuma ya sa ya yi ritaya a 2002. Ita ma Houston ba ta ji da daɗi ba, don wasa 28 kawai ta ci a kakar da ta biyo bayan tafiyarsa.

Sai dai wannan faɗuwar ce ta zame mata alheri. A NBA, duk shekara ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne suka fi samun damar fara zaɓa, ta hanyar jefa ƙuri'a. A 2002 ƙuri'ar ta faɗa wa Houston, ta ɗauki Yao Ming ɗan China, wanda ya zama sabon ginshiƙinta.

Daga baya ƙungiyar ta ɗinke tsakaninta da Olajuwon. Ta jingine lambarsa ta 34, ba wanda zai sake saka ta, sannan a 2008 ta kafa abin tunawa da shi a ƙofar filin wasanta. Rigarsa aka sassaƙa maimakon surarsa, saboda mutunta addininsa.

Wadda ta sayar da wadda ta riƙe

A 2013 Boston Celtics ta yi abin da ya ƙona ran magoya bayanta da yawa. Ta bai wa Brooklyn Nets Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai shekara 35, waɗanda suka ci mata kofi a 2008. Babban abin da ta karɓa shi ne haƙƙin zaɓen sababbin 'yan wasa na wasu shekaru masu zuwa. Ta wannan hanya ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, kuma su biyun ne suka ja ta zuwa kofin 2024. Shekara 11 aka yi kafin cinikin ya biya.

A shekarar ta 2013 dai, Los Angeles Lakers ta bi wata hanyar daban. Ta ƙara wa Kobe Bryant ƙwantiragin shekara biyu kan dala miliyan 48.5, alhali yana jinyar tsinkewar agara. A kakarsa ta ƙarshe wasa 17 kawai ƙungiyar ta ci, aka doke ta 65, mafi muni a tarihinta. Amma a wasan bankwana, a watan Afrilun 2016, ya ci maki 60 a gaban 'yan kallon gida, kuma har yau akwai magoya bayan da ke ganin wannan daren ya isa ladan haƙurin da suka yi.

Manomin Gobir zai fahimci lissafin Boston ba tare da dogon bayani ba. Mai shanun huɗa ba ya jira sai sa ya kasa tashi kafin ya kai shi kasuwa, don a lokacin ba shi da daraja. Haka kuma ba ya sayarwa sai ya tabbata kuɗin za su saya masa ɗan maraƙi, ko kuma yana da wanda ya riga ya fara horarwa. In ba haka ba, damina za ta same shi da garma babu mai ja.

A gida lissafin daban ne

A arewacin Najeriya, babu ƙungiyar ƙwallon kwando da ta kai Kano Pillars tarihi. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau bakwai tsakanin 2008 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Daga nan sai haskenta ya dusashe, Rivers Hoopers ta Fatakwal ta karɓe ragama.

Tsufan 'yan wasa kaɗai ba zai bayyana wannan ba. A watan Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta dare gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, wani kuma a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Rikicin ya hana gasar cikin gida tafiya yadda ya kamata na tsawon shekaru. A 2022 har gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya, kafin ta janye matakin bayan 'yan makonni, amma tuni tawagar mata ta D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya. Matashin da ya kamata ya gaji manya a waɗannan shekarun bai samu isassun wasannin da zai goge ba.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa na Sai Masu Gida, sunan da wannan gardama ta fi shafa shi ne Rabi'u Ali Pele. An haife shi a 1980, yana cikin waɗanda suka ci kofin Firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Yana cikin tawagar Najeriya da ta zo ta uku a gasar CHAN ta 2014, inda ya zura ƙwallo a wasan da aka farke wa Maroko ci uku aka doke ta 4-3. Da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022 bai gudu ba, ya tsaya har ta dawo a 2023. A kakar 2024/25, yana da shekara 44, yana taka leda tare da Ahmed Musa.

Masu ganin ya kamata irinsa su ba matasa wuri suna da hujja, don shekaru ba sa ƙarya. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in an sallame shi, me za a samu? A Najeriya babu zaɓen sababbin 'yan wasa da zai saka wa ƙungiyar da ta faɗi. Faɗuwa a nan sauka ce zuwa rukuni na ƙasa. Galibin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, ƙwantiragi gajere ne, kuma ba kasafai ake biyan kuɗin kirki kan ɗan wasan da ya haura 35 ba. Kuɗin suna wajen matasa. Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/10, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Don haka abin da ake kira sayar da tsoho a nan, sallama ce kawai, an saki reshe an kama ganye.

Fushin da ke cin maki

Akwai kuma asarar da magoya baya ke jawo wa ƙungiya da hannunsu. A 2022 an rage wa Pillars maki uku bayan rikicin da ya ɓarke a wasanta da Katsina United a Kano, kuma a ƙarshen wannan kakar ta faɗi. A watan Oktoban 2025, bayan an tashi 1-1 da Shooting Stars a filin wasa na Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9.5, ta rage mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Maki ukun nan daidai suke da nasarar wasa guda da 'yan wasa suka sha wuya kafin su samu.

Ina magajin zai fito?

A nan ne batun ya dawo gabashin Sakkwato. Jihar ba ta da wakili a Firimiyar Najeriya a kakar 2025/26, Sokoto United tana rukuni na biyu. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa kuwa suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A 2021 har layukan waya gwamnati ta katse a can na wani lokaci, ƙauyuka da dama sun watse, dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Inda tafiya a kan hanya ta zama kasada, da wuya mai neman 'yan wasa ya je kallon gasar unguwa, kuma yaro mai tsayi da ƙarfin da zai iya zama ɗan ƙwallon kwando zai girma bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Shi kansa Olajuwon sai da ya kai kimanin shekara 15 kafin ya fara wasan, bayan ya yi tsaron raga da ƙwallon hannu. Ya dace ne akwai fili da koci a kusa da shi.

Ƙungiyar da ke son rabuwa da tsohon tauraronta tana da bashi biyu a kanta: ta tanadi wanda zai maye gurbinsa tun kafin ƙafarsa ta gaza, ta kuma sallame shi da mutuncin da zai sa matasan da ke kallo su yarda cewa su ma ba za a wulaƙanta su ba in nasu lokacin ya zo. Magoya bayan da ke ihun a kori tsoho suna da haƙƙin su tambayi shugabannin ƙungiya ina makarantar horar da yara, nawa aka kashe mata, kuma yara nawa ta fitar a shekara biyar da suka wuce.