Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa: Hanyar Fita Kafin Fenti

Yau za mu shiga gidajen Amurka da Kanada, mu sauka matakala zuwa ɗakin nan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda mazauna can ke ce wa besmen. Masu gidaje da dama na kashe maƙudan kuɗi su gyara shi ya koma falon yara, ko ofis, ko ɗakin baƙi, ko kuma su zuba 'yan haya a ciki. Maganar ta shafe mu, domin ɗalibanmu da 'yan ci-raninmu da ke sauka a Niyok ko Toronto, sau da yawa irin wannan ɗaki ne kaɗai aljihunsu ke iya kamawa a farkon zuwa. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, fenti da kafet ba sa mai da rami ya zama ɗakin kwana. Sai an gama da ruwa, an buɗe hanyar fita, an tabbatar da lafiyar iskar da ake shaƙa, sannan a yi maganar ado. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da abin da ido ke gani, ya jefa dukiyarsa da rayukan mutane cikin haɗari.

Da farko, me ya kawo ramin? A arewacin Amurka da Kanada sanyin hunturu na daskarar da ƙasa har zuwa wani zurfi, kuma ƙasar da ta daskare kumbura take yi, tana iya ɗaga gini ta tsattsaga shi. Saboda haka doka ta tilasta a kai harsashin gida ƙasa da inda ƙanƙara ke tsayawa. A Toronto zurfin ya kai mita 1.2, a arewacin jihar Minnesota kuwa ƙafa biyar ne. Tunda an riga an haƙa haka, sai magina su ƙara kaɗan su sami wurin da mutum zai tsaya a miƙe, a sa tukunyar ɗumama gida da ta ruwan zafi, a ajiye gawayi da tarkace. A jihohin kudu irin su Florida da Louisiana, inda babu wannan sanyi kuma ruwa na kusa da doron ƙasa, da wuya ka ga gida mai besmen. Mu ma rashin wannan sanyi ne ya sa ba mu gaje shi a Kano ko Damagaram ba. Abin lura a nan shi ne, tun asali ba don mutum ya kwana aka yi wurin ba, don harsashi da injuna aka yi shi.

To, rami dai rami ne, ɗan'uwan rijiya, kuma duk ruwan da ke kewaye da shi can yake neman zuwa. Ruwan saman da ya zubo daga rufi, in indararo ya sake shi a gindin bango, zai bi ƙasa ya sami tsaga ya shiga. Kankare kansa yana tsotsar laima daga ƙasa ko da babu tsaga. Ga kuma wata hanyar da mutane ba su cika lura da ita ba: da bazara iska mai ɗumi da danshi takan sauko ta haɗu da bango mai sanyi, sai ta koma raɓa. Idan mai gida ya kafa katako a jikin wannan bango, ya cusa audugar gilashi ta tare sanyi, ya lulluɓe da leda, ya rufe da allon filasta, to ya yi wa laima ɗaki ke nan inda ba mai ganinta. Shekara biyu ko uku sai wari ya tashi, fumfuna ta cinye bayan allon, mai asma a gidan ya rasa abin da ke tayar masa da ciwo. Shi ya sa ƙwararrun magina ke fara aikin daga waje. Sukan kai bakin indararo nesa da gini, su gyara gangaren ƙasa, wanda ƙa'idar gini ta Amurka ta ce ya sauka inci shida a cikin ƙafa goma na farko. A ciki kuma su haƙa ɗan rami a daɓe su sa injin zuƙe ruwa, su ɗaura makari a bututun ƙazanta don kada lambatun gari ya cika ya dawo da shi cikin gida, su manna soso mai tauri kai tsaye a jikin kankare kafin katako ya zo. Birnin Toronto, da ya sha ambaliya a ranar 8 ga Yulin 2013, yana tallafa wa masu gidaje da kuɗi su sa wannan makari da injin, saboda hukuma ta ga gyaran ɓarna ya fi tsada.

Wani zai ce, ai nawa besmen ɗin shekara ashirin bai taɓa jiƙewa ba, don me zan kashe kuɗi a kan abin da bai faru ba? Amsar tana cikin abin da ya auku a Niyok daren 1 ga Satumban 2021, lokacin da ragowar guguwar Ida ta ratsa birnin. A cikin awa ɗaya aka auna ruwan sama inci 3.15, kimanin milimita 80, a dandalin Central Park, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin wurin. Magudanun birnin ba a gina su don ɗaukar irin wannan ba. Mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawanci a yankin Queens, kuma akasarinsu baƙi ne 'yan asalin Asiya. Cikinsu har da yaro ɗan shekara biyu tare da iyayensa. Tarihin bushewar ɗaki shaida ce a kan ruwan da aka yi a baya kawai, ba ta ce komai a kan na gobe.

Nan ne maganar hanyar fita ta shigo, kuma a ganina ita ce gaba da komai. Yawancin waɗannan ɗakuna ƙofa ɗaya gare su, a gindin matakala, kuma ta nan ruwan ke gangarowa. Ku yi lissafin da kanku: ruwan da ya taru mita ɗaya a bayan ƙofa mai faɗin santimita 90 yana danne ta da nauyin da ya kusa kilo 450. Babu ƙaton da zai ture wannan, balle mace mai goyo. Gobara ma haka take, domin hayaƙi sama yake bi, matakalar da za a tsere ta kanta ita ce ke zama bututunsa. Saboda haka ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce duk ɗakin kwana a ƙarƙashin ƙasa dole ya sami taga ta gudun tsira, wadda buɗinta bai gaza murabba'in ƙafa 5.7 ba, tsayinta aƙalla inci 24, faɗinta inci 20, kuma kada bakinta ya wuce inci 44 daga daɓe. An zaɓi waɗannan lambobi ne don babban mutum ya iya fita, ɗan kwana-kwana ya iya shiga da tulun iskarsa a baya. Yin wannan taga na nufin yanka kankare da haƙa rami a waje, aiki ne mai tsada da ƙura, shi ya sa shi ne na farkon da ake tsallakewa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tagar da aka dasa wa ƙarfe don tsoron ɓarayi, wadda ba ta buɗuwa daga ciki ba tare da makulli ba, daidai take da bango.

Sai iska, wadda matsalarta ba ta da launi ba ta da wari. Akwai wata iska da ake kira radon, da ke fitowa daga sinadarin yuraniyam na cikin duwatsu da ƙasa, tana shiga ta tsagogin daɓe ta taru a ɗakin da ya fi kusa da ƙasa. Amurka ta farga da girman abin ne a 1984, lokacin da wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike yana shiga aiki, aka bi sawu aka tarar daga gidansa yake kwaso gubar. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta radon na haddasa mutuwar mutum kusan 21,000 a shekara ta hanyar sankarar huhu, shi ne na biyu bayan taba sigari. Gwajinsa ba tsada, maganinsa kuma bututu ne da fanka da ke zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe su fitar da ita ta saman rufi, aikin da ya fi sauƙi kafin a shimfiɗa tayil. A haɗa da ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid, tunda tukunyar ɗumama gida na nan maƙwabtaka da gadon mai barci.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Masu ita na cewa, in aka tsananta waɗannan sharuɗɗa, talaka ne zai kwana a titi, domin dubun-dubatar mutane a Niyok na zaune a ɗakunan da ba su da izini, kuma kuɗin hayarsu ne ke taimaka wa mai gidan, wanda shi ma sau da yawa baƙo ne, ya biya bashin banki. Wannan gaskiya ne, kuma ina tare da su a kan cewa kora ba magani ba ce. Haramci tsagwaronsa ɓoye ɗakunan yake yi: ɗan haya na tsoron kai ƙara kada a rufe wurin, mai gida na tsoron neman izini kada a ci shi tara, sai ya zama babu jami'in da ya taɓa leƙa tagar. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya sanar da shirin daina ba da izinin irin waɗannan ɗakuna bayan ambaliyar Agustan 2022 ta kashe mutum uku 'yan gida ɗaya, nan take tambaya ta taso, ina mazaunansu za su koma? Niyok ta gwada wata hanya a 2019 a unguwar East New York, ta taimaka wa masu gidaje su gyara su halatta, amma aka zaftare kuɗin shirin a lokacin annobar korona, gidaje ƙalilan suka amfana. A 2024 jihar ta ba da damar faɗaɗa gwajin zuwa wasu unguwanni. Wannan ita ce hanyar da hankali ya yarda da ita: a sassauta a kan abin da ba ya kisa, kamar wurin ajiye mota ko 'yan incin da rufi ya gaza, a ba da rance mai sauƙi, amma kada a sassauta ko kaɗan a kan hanyar fita ta biyu da ƙararrawa. A unguwar da aka san ruwa na taruwa kuwa, kada a bari kowa ya kwana a ƙasa, komai kyan gyaran.

Mai gida da ke ganin neman izini ɓata lokaci ne, ya duba aljihunsa ma. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, kuma inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya, ko da mutum ya saye ta, a besmen tukunyar ɗumama da wayoyin lantarki da makamantansu take biya, ba ta biyan kafet da kujeru da adon bango. Masu lissafin asara sun riga sun yanke hukunci a kan wurin, sun san ruwa zai zo.

Don haka, iyaye da 'yan'uwa masu saurare, in ɗanku ko 'yarku ta bugo waya daga Bronx a Niyok ko Brampton kusa da Toronto tana murnar samun ɗaki mai rahusa a ƙasan wani gida, ku taya ta murna, sannan ku tambaye ta: ƙofa nawa ce? Tagar tana buɗuwa daga ciki, kuma mutum zai iya fita ta cikinta? Akwai ƙararrawar hayaƙi mai aiki? Ku ce mata duk daren da wayarta ta yi kukan gargaɗin ambaliya, ta hau sama nan take, kada ta tsaya kwashe kaya. Allah Ya tsare mana su.